Hanyar Baftisma ga Babba a Ikilisiyar Katolika: Jagora ga Mazauna Zariya

Wanda aka haifa a gidan Katolika, iyayensa ne suka kai shi baftisma yana goye, suka amsa tambayoyin Fada, wato limamin cocin Katolika, a madadinsa. Babba kuwa ba mai amsa masa. Shi zai tako da ƙafarsa, ya zauna ajin katikisim, inda ake koyar da addinin, sannan ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce ya ba da gaskiya. Domin irin wannan mutum na rubuta jagoran nan: ɗalibin da karatu ya kawo Samaru ko Kongo, sojan da aka turo bariki, matar da ta auri ɗan Katolika, manomi daga ƙauyukan Ikara ko Giwa, ko Kiristan wata ɗarika da ya daɗe yana zuwa Mas, wato babbar sujadar Katolika, yana zama a bencin baya.

Tsarin da za ka bi tsoho ne. Kiristocin ƙarnonin farko ba sa yi wa babba baftisma sai sun horar da shi, sun ga zamansa. Babban Taron Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya ba da umarni a farfaɗo da wannan horo, littafin tsarinsa kuma ya fito a 1972. Kundin dokokin Ikilisiya na 1983, a doka ta 865, ya faɗi abin da ake nema daga babba: ya bayyana niyyarsa da kansa, a koya masa gaskiyar bangaskiya da wajiban Kirista, a gwada shi cikin rayuwar Kirista, a kuma kira shi ga nadama kan zunubansa. Ka lura da na ukun. Ba haddar amsoshi kaɗai ake dubawa ba, ana duba yadda kake zaune da mutane.

Zaman farko da Fada

Je cocin Katolika mafi kusa da inda kake kwana, ba wanda ya fi suna ba. Za ka riƙa zuwa aji kowane mako na tsawon watanni, kuma kuɗin keke napep daga Shika zuwa Sabon Gari ya isa ya sa mutum ya fara tsallake aji tun kafin damina ta yi nisa. In ba ka san inda za ka nufa ba, ka tambaya a babban cocin dayosis (yankin da Bishop ke kula da shi), wato Christ the King da ke Sabon Gari, za su nuna maka. An kafa Dayosis ɗin Zariya a shekarar 2000, aka cire shi daga na Kaduna. Bishop George Dodo ne ya fara riƙe shi har rasuwarsa a 2022, sannan Bishop Habila Daboh ya gaje shi a 2023. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suna da nasu cocin a cikin makaranta da Fadan da ke kula da su. A ƙauye kuma, inda Fada ba ya zuwa kowace Lahadi, katikis, malamin da ke koyar da katikisim, shi ne ƙofar shiga.

Bayan an tashi Mas, ka nemi katikis ka ce kana son ganin Fada kan maganar baftisma. Za a ba ka rana. Wannan zama shi ne mafi muhimmanci a tafiyar gaba ɗaya, kuma abin da nake roƙonka ɗaya ne: ka faɗi gaskiyar halin da kake ciki tun ranar. An taɓa yi maka baftisma? A ina? Kana da aure? Wane iri, da mata nawa? Ka taɓa rabuwa da wata, ko kin taɓa rabuwa da wani? Mutanen gidanku sun san ka zo? Duk abin da ka ɓoye a nan zai fito ne ana saura makonni kaɗan Ista, idin tashin Yesu daga matattu da ake yi wa manya baftisma a darensa, lokacin da ba sauran damar gyara, sai a ɗaga baftismarka zuwa wata shekara kana kallon abokan ajinka suna sa fararen kaya. Fada ba zai kore ka don labarinka yana da sarƙaƙiya ba. Ya ji irinsa da yawa.

In dalilinka na zuwa shi ne aure, kada ka ji kunyar faɗi. Mutane da dama ta nan suka fara, suka zama ginshiƙai a coci. Amma ka sani ba dole ne ka zama Katolika kafin ka auri 'yar Katolika ba, domin akwai izinin da ake nema daga Bishop don irin wannan aure. Doka ta 748 ma ta hana a tilasta wa kowa shiga bangaskiyar Katolika. In surukai ne kaɗai ke tura ka, gara a ɗaura auren da izini, ka zo aji daga baya lokacin da zuciyarka ta so.

In an taɓa yi maka baftisma

Wanda aka yi wa baftisma da ruwa, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, a cocin Angilika na Wusasa ne ko a ECWA ko Baptist, ba a sake masa. Baftisma ɗaya ce. Abin da ake yi masa shi ne karɓa cikin cikakkiyar tarayya: ya yi karatu, ya furta zunubansa a gaban Fada, ya shaida bangaskiyar Katolika a gaban jama'a, a yi masa Tabbatarwa (ɗora hannu da shafa mai a goshi), ya fara karɓar Jikin Almasihu, wato tsarkakakkiyar gurasar da ake rabawa a Mas. Nemo katin baftismarka tun yanzu. In ya ɓace, ka rubuta wa cocin da aka yi maka su duba rajista, ko ka kawo wanda ya shaida ranar. Idan an bincika shakka ba ta gushe ba, ko an yi ko an yi daidai, Fada zai yi maka baftisma bisa sharaɗi, ba tare da taro ba.

Akwai kuma wanda aka yi wa baftismar Katolika yana jariri amma bai taɓa zama aji ba. Shi Katolika ne tun asali, karatu da sauran sakramenta, wato tsarkakan hidimomi irin su Tabbatarwa, suka rage masa.

Maganar aure

Nan ne aka fi daɗewa, don haka bari in tsaya a kai.

Idan kai da matarka duka ba a yi muku baftisma ba, kuka yi aure bisa al'ada, aure na farko ga kowannenku, Ikilisiya tana ɗaukarsa aure na gaskiya. Ba zaman banza kuke yi ba. In ku biyun kuka karɓi baftisma, auren nan ya zama sakramenta. In kai kaɗai ka karɓa, ita ta yarda ta ci gaba da zama da kai, aurenku yana nan, kamar yadda Manzo Bulus ya koyar a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 7.

Idan kuma abokin zamanka Katolika ne, aka biya sadaki aka yi biki a gida amma ba a je gaban Fada ba, to sai an gyara auren a coci. Abin da ke hana mutane shi ne tunanin sai an tara kuɗin anko da shinkafa da hayar zaure. Ba haka ba ne. Fada da shaidu biyu sun wadatar, ana iya yi da safe a ranar aiki. Bikin ya jira ranar da Allah ya hore.

Mai mata fiye da ɗaya shi ne ke da nauyi mafi girma, kuma ba zan sassauta maganar ba: Ikilisiyar Katolika ba ta yi wa namiji baftisma ya ci gaba da zaman aure da mata biyu. Doka ta 1148 ta ce in zama da uwargida ya yi masa wuya, yana iya riƙe ɗaya daga cikin matan, ya ɗaura aure da ita bisa ƙa'idar coci. Amma dokar nan ɗin ta ɗora wa Bishop alhakin tabbatar da cewa an biya bukatun sauran matan bisa adalci da ƙauna. Wato ba a yarda mutum ya kori mace da 'ya'yanta ya ce ya tuba ba. Ci da sha, wurin zama, kuɗin makarantar yara, duk suna wuyansa. Akwai dattawan da suka duba suka ga ba za su iya raba gida ba tare da zalunci ba, suka ci gaba da zama masu koyo shekara da shekaru, suna zuwa Mas, 'ya'yansu suna karɓar baftisma. Ni ina ganin girmansu, kuma ban yarda a riƙa yi musu kallon 'yan rakiya ba. Ke ma da kike ta biyu ko ta uku a gidan miji, ki je ki zauna da Fada da kanki, kada ki dogara da abin da aka ce an ce.

Wanda ya rabu da matarsa ta farko tana raye ya auri wata, maganarsa takan je kotun aure ta Ikilisiya, kuma bincike yana cin watanni. Shi ya sa na ce a faɗa tun ranar farko.

Mutanen gida

Zariya gari ne da Musulmi da Kirista suke cin kasuwa ɗaya, wani lokaci ma tsatso ɗaya suka fito. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin addini har da sauya shi, amma takarda ba ta zama da kai a tsakar gida. Idan daga gidan da ba na Kirista ba ka fito, ka gaya wa Fada gaskiyar abin da kake tsoro, ya Allah rasa wurin kwana ne, ko kuɗin makaranta, ko lafiyarka. Ana iya tsara karatunka cikin sirri da natsuwa, ba sai an yi shela ba. Kada ka ɗauki hoton aji ka sa a Facebook, naka ko na wani. Kada kuma ka zagi addinin da ka taso a ciki. Taron Batikan ɗin nan da na ambata, a 1965, ya faɗa a fili cewa Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa. Dokar girmama uwa da uba tana cikin goman da za ka haddace, kuma ba ta ce sai iyaye Kirista ba.

Shiga aji

Da farko kai mai tambaya ne kawai. Kana zuwa, kana saurare, ba ka ɗauki alkawarin komai ba, in ka ga ba za ka iya ba ka tafi ba wanda zai riƙe ka. In ka tsaya, sai a sa ranar karɓarka cikin masu koyo. A ƙofar coci ko gaban bagadi Fada zai kira sunanka, ya tambaye ka abin da kake nema a wurin Ikilisiyar Allah, ka ce bangaskiya, ya zana alamar gicciye a goshinka, a rubuta sunanka a rajista. Daga ranar kana cikin gida. Har doka ta tanadi cewa mai koyo in ya rasu kafin baftisma, jana'izar Kirista ake yi masa.

Tsawon karatu ba ɗaya ba ne a ko'ina. Littafin tsarin bai yanka wa'adi ba, ya bar wa Bishop da masu kula da kai su duba, ya ma ce in ta kama a yi shekaru. Tambayi katikis ranar da aji ke farawa, ranakun zama, da yadda suke ɗaukar fashi. In kai ɗalibi ne ka lissafa hutu, in manomi ne ka lissafa shuka da girbi, in ma'aikaciyar asibiti ce mai aikin dare ki faɗa tun wuri a san yadda za a cike miki gurbi. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki ana tsakiyar karatu ya karɓi wasiƙa daga Fada zuwa cocin da zai koma, don kada ya fara daga farko.

Zaɓi ajin harshen da kake addu'a da shi in kana kai kaɗai. Na ga masu digiri da suka fi fahimta a ajin Hausa. Rashin iya karatu kuma ba ya hana baftisma, domin da kunne kakanninmu suka koya, kuma har gobe katikis yana maimaitawa ana amsawa.

Darussan suna bin sassa huɗu na babban littafin Katikisim na 1992: abin da muka gaskata, sakramenta bakwai, rayuwa bisa dokoki goma, da addu'a. Abin da za ka fara haddacewa shi ne alamar gicciye, Ubanmu wanda ke cikin sama, A gaishe ki Maryamu, Ɗaukaka ga Uba, Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, da addu'ar tuba. Ka sayi carbin rosari da ƙaramin littafin katikisim na tambaya da amsa. Wajen sayen Littafi Mai Tsarki ka duba da kyau: na Katolika yana da littattafai 73, na ɗariku irin su ECWA da Baptist 66. Bambancin bakwai ne a Tsohon Alkawari, wato Tobit, Judit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabi biyu. Akwai bugun Hausa da ya haɗa da su, shi za ka nema. Abin alfahari ne ga Zazzagawa cewa cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa na farko, na 1932, yana da hannun Dakta Walter Miller, Baturen mishan wanda ya yi shekaru a Zariya da Wusasa.

Ka yi tambaya a aji, musamman wadda ke cin ranka. Masu zuwa daga wasu ɗariku sukan tsaya kan Maryamu, kan siffofin da ke coci, kan furta zunubi ga mutum ɗan'uwanka. Masu zuwa daga wajen Kiristanci sukan tsaya kan Allah ɗaya cikin Uku, da yadda za a ce Yesu Ɗan Allah ne. Waɗannan ba tambayoyin raini ba ne. Katolika ba sa bauta wa Maryamu, sujada ta Allah ce shi kaɗai, roƙonta ake ta yi mana addu'a. Amma wannan amsa ta layi ɗaya ba za ta ishe ka ba, kuma bai kamata ta ishe ka ba. In katikis ya gaza gamsar da kai, ka wuce wurin Fada. Wanda ya haɗiye shakkarsa don a ce ya ci jarrabawa, ita ce za ta fitar da shi daga coci bayan shekara biyu.

Kana zuwa Mas kowace Lahadi tun yanzu, amma ba ka shiga layin karɓar Jikin Almasihu. A wasu wurare ana sallamar masu koyo bayan wa'azi su je su tattauna karatun ranar, a wasu kuma suna zama har ƙarshe.

Uban baftisma da suna

Kana bukatar uba ko uwar baftisma, ko duka biyu. Doka ta 874 ta ce ya kai shekara 16, ya zama Katolika da aka yi wa Tabbatarwa, yana karɓar Jikin Almasihu, rayuwarsa ta dace da bangaskiya, kuma ba mahaifinka ko mahaifiyarka ba. Shawarata, kada ka bi mai kuɗi ko mai muƙami. Nemi wanda zai lura in bai gan ka a coci ba, ya biyo ka gida. Tsohuwa 'yar Zumuntar Mata da ba ta fashin Mas ɗin safe ta fi babban mutumin da sai an yi masa waya sau biyar.

Ba dole ne ka yar da sunanka ba. Danladi ko Talatu ba su saɓa wa bangaskiya ba. Amma al'ada ce mai kyau a ɗauki sunan wani tsarkaka, ka karanta tarihinsa kafin ka zaɓa: Bitrus, Bulus, Istifanus, Hannatu, ko na nahiyarmu kamar Kizito, ƙaramin cikin shahidan Uganda na 1886, da Bakhita 'yar Sudan. Ka tabbata an rubuta sunan daidai da yadda kake so ya zauna a takardunka.

Kwana 40 na ƙarshe

Azumin kwana 40 kafin Ista yana farawa ran da ake kira Larabar Toka. A Lahadin farko ake yin bikin zaɓe: iyayen baftisma su shaida cewa kun shirya, a rubuta sunayenku, yawanci a gaban Bishop ko wakilinsa. Kafin nan akan yi muku tambayoyi, Fada ko katikis. Kada gabanka ya faɗi, ana son a ji ko ka fahimci abin da kake shirin shiga ne.

A Lahadi ta 3 da ta 4 da ta 5 ana yi muku addu'o'in bincike da tsarkakewa. Bisharar da aka tsara wa ranakun daga Yohanna take: Basamariya a bakin rijiya a sura 4, wanda aka haifa makaho a sura 9, tashin Li'azaru a sura 11. Karanta su a gida kafin ranar. A makonnin nan kuma ake danƙa muku Shaidar Bangaskiya da addu'ar Ubanmu a gaban jama'a.

Azumin Katolika ba irin wanda maƙwabtanmu Musulmi suke yi ba ne, kuma sabon shiga yakan rikice a nan. Ran Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Yesu, mai shekara 18 zuwa 59 yana cin cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu, kuma ba a cin nama. Ruwa ba ya karya shi, abin da ke da amfani a sani tunda lokacin yakan faɗo cikin zafin bazara. Mara lafiya da mai ciki ba a ɗora musu. Ka riƙa zuwa Hanyar Gicciye, addu'ar tuna shan wahalar Yesu, ran Juma'a, ka biya bashin da kake iya biya, ka nemi wanda kuke gaba da shi.

Wanda ba a taɓa yi wa baftisma ba ba ya zuwa furta zunubi kafin ranar, baftismar ce ke wanke duk abin da ya wuce. Wanda aka riga aka yi wa shi ne zai je.

Daren Ista

Ista tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, baftismar manya kuma bisa tsari a daren Asabar ake yinta. Tambayi lokacin farawa, ka shirya yadda za ka koma gida, domin hidimar tana da tsawo. Tanadi farin kaya da kyandir. Game da kuɗi, baftisma ba ta sayarwa ba ce. Akwai ɗan abin da akan bayar na kati da baiko, amma doka ta 848 ta hana a hana wa matalauci sakramenta saboda rashi. In ba ka da shi, ka faɗa wa Fada.

Za a hura wuta a waje, a kunna babban kyandir, a shiga coci cikin duhu. Bayan karatu masu yawa sai a kira ku gaba, a roƙi tsarkaka, a albarkaci ruwa. Za a tambaye ka ko ka ƙi Shaiɗan da ayyukansa, ko ka gaskata da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ɗaga murya ka amsa. Sai a zuba maka ruwa a ka sau uku, a ba ka farin tufa da kyandir mai ci. Doka ta 866 ta ce babba a yi masa Tabbatarwa nan take, da ɗora hannu da shafa mai a goshi, ya kuma karɓi Jikin Almasihu a Mas ɗin, sai in akwai babban dalili. A wasu cocin akan jinkirta Tabbatarwa zuwa ziyarar Bishop, don haka ka tambaya tun kafin ranar. Kada ka ci komai awa ɗaya kafin karɓa, ban da ruwa da magani.

Bayan nan

Aji bai ƙare ba. Kwana 50 daga Ista zuwa Fentikos, idin saukowar Ruhu Mai Tsarki, lokaci ne na zama da sababbin Kirista a bayyana musu abin da suka karɓa, kuma a nan ne da yawa suke sulalewa. Ka je furta zunubi na farko cikin makonnin nan, kada ka bari tsoro ya taru. Abin da ka faɗa wa Fada a can ba ya fita, ko da za a kashe shi. Ka shiga ƙungiya ɗaya, ta maza ko Zumuntar Mata ko ta matasa ko mawaƙa, inda za a san sunanka. Wajibanka daga yanzu su ne Mas kowace Lahadi da ranakun idi na wajibi, furta zunubi aƙalla sau ɗaya a shekara, karɓar Jikin Almasihu aƙalla a lokacin Ista, kiyaye ranakun azumi, da taimakon coci gwargwadon ƙarfinka.

Karɓi katin baftismarka daga ofishin coci, ka duba suna da kwanan wata kafin ka bar wurin, ka yi masa hoto a waya, ka adana shi tare da takardun makaranta. Za a neme shi ranar aurenka, ranar baftismar 'ya'yanka, da ranar da wani zai roƙe ka ka tsaya masa uban baftisma.